BABI NA TARA: WURAREN YAWON BUƊE IDO A GAƁAR TEKUN GHANA

9.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Ƙasar Hausa ba ta da teku, saboda haka yawancin yaran da malami zai tarar a aji ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogi ko tafki girma ba. Duk da haka akwai ranar da manhaja za ta buƙaci malamin ya siffanta musu teku, ko ya sa su rubuta insha'i a kan wani wuri mai nisa. Wannan babi ya ɗauki gaɓar tekun ƙasar Ghana, musamman kewayen garuruwan Cape Coast da Elmina, domin ya zama misali. An zaɓi yankin ne saboda dalilai biyu. Na farko, yana daga cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Afirka ta Yamma. Na biyu, akwai tsohuwar alaƙa tsakaninsa da Hausawa, wadda masu ziyara da yawa ba su lura da ita.

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar yawon buɗe ido da rabe-raben wuraren da ake ziyarta;
(b) kawo muhimman wuraren ziyara na gaɓar tekun Ghana tare da tarihinsu;
(c) nuna dangantakar yankin da Hausawa;
(d) tsara darasi a kan wurin tarihi ba tare da ɓoye gaskiya ko ƙarin gishiri ba.

9.1 Ma'anar Yawon Buɗe Ido

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar mazauninsa na ɗan wani lokaci, ya tafi wani wuri domin hutawa ko kallo ko ƙarin sani, sannan ya komo gida. Wannan ya bambanta da fatauci da cirani, domin falke da ɗan cirani nema suke fita yi, shi kuwa mai yawon buɗe ido abin da ya tara yake zuwa kashewa. Za a iya kasa wuraren da ake ziyarta gida uku: wuraren da tarihi ya bari, kamar tsofaffin gine-gine da kufai, wuraren da Allah ya halitta, kamar dazuzzuka da bakin teku, sai kuma rayuwar jama'a, wato sana'o'insu da abincinsu da bukukuwansu. Gaɓar tekun Ghana ta haɗa dukkan ukun a cikin tazarar da mota za ta ci a yini guda.

9.2 Yankin da Yanayinsa

Ghana tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 550 a bakin Tekun Atilantika, daga iyakarta da Togo a gabas zuwa iyakarta da Kwaddibuwa a yamma. Garin Cape Coast, wanda mutanensa Fanti suke kira Oguaa, yana kimanin kilomita 150 yamma da Akara, babban birnin ƙasar. Elmina kuwa, ko Edina a bakin masu garin, ba ta wuce kilomita 13 daga Cape Coast ba.

Yanayin yankin na zafi ne mai gumi, ba irin busasshen zafin da aka saba da shi a Kano ko Sakkwato ba. Damina biyu ake yi a shekara: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Baƙi sun fi zuwa a tsakanin Disamba da Maris lokacin da ruwa ya ɗauke, da kuma watannin bukukuwan gargajiya. Matafiyin da ya taso daga Nijeriya ta mota yakan bi ta Ikko, ya ƙetare iyakar Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shiga Ghana ta garin Aflao.

9.3 Wuraren Tarihi

Abin da ya fi fito da sunan wannan gaɓa shi ne jerin sansanonin dutse da Turawa suka giggina a bakin ruwa tsakanin 1482 da 1786. Kusan talatin daga cikinsu suna nan, wasu a tsaye, wasu sun zama kufai, daga Keta a gabas har zuwa Beyin a yamma. A shekarar 1979 hukumar UNESCO ta sanya su cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

9.3.1 Sansanin Elmina

Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar ana cinikin zinariya. A 1482 suka gina sansanin Elmina a ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ya rage a Afirka kudu da Sahara. Da farko rumbun ajiyar zinariya da hajoji ne. Da gonakin rake suka bunƙasa a nahiyar Amurka, sai ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkukun mutane. A 1637 Turawan Holan suka hau wani tudu da ke fuskantar sansanin, suka kafa igwa, suka ƙwace shi. Daga baya suka gina wani ƙaramin sansani a kan tudun domin kada wani ya yi musu abin da suka yi wa na gabansu. Su ne suka riƙe Elmina har 1872, lokacin da suka miƙa ta ga Ingilishi. A nan ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Ashanti, Prempeh na Ɗaya, a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seychelles.

Mai ziyara yakan bi ɗan jagora ya ga kurkukun maza da na mata, da tsakar gidan da gwamna kan leƙa daga bene ya zaɓi wadda yake so daga cikin matan da aka tsare, da tsohuwar majami'ar Turawan Fotugal da ke tsakiyar fili. A ƙarshe sai a kai shi wata matsattsiyar ƙofa mai fuskantar teku, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka. Ita ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa.

9.3.2 Sansanin Cape Coast

Turawan Suwidin ne suka fara kafa wannan sansani a 1653. Ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Ingilishi bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ya zama cibiyar harkokinsu a yankin. Garin Cape Coast ya ci gaba da zama hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mayar da ita Akara. Daga waje farin gini ne mai ban sha'awa, ga jerin igwa suna kallon teku. Daga ciki kuwa akwai kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan mutane na tsawon makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi, ba haske sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama. A bisa kurkukun maza daidai nan aka yi ɗakin ibada na sansanin.

Akwai wani abu a nan da ya shafi malamai kai tsaye. A cikin wannan gini ne Philip Quaque, ɗan asalin garin, ya riƙe makaranta. Shi ne ɗan Afirka na farko da cocin Ingila ya naɗa limami, a 1765. Ya komo gida a 1766, ya yi aiki a sansanin har ya rasu a 1816, kabarinsa yana tsakar gidan. Wato ke nan ana karatu a sama, ana nishi a ƙasa. Daga irin wannan tushe garin ya zama matattarar ilimin zamani: makarantar Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi karatu, an kafa ta a 1876, Jami'ar Cape Coast kuma an buɗe ta a 1962 musamman domin horar da malamai.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 12.5 aka loda a jiragen bayi daga Afirka zuwa ƙetaren Atilantika, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma daga wannan gaɓa suka tashi. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma bai tsaya nan take ba.

9.3.3 Kogin Assin Manso

Kimanin kilomita 40 arewa da Cape Coast, a kan hanyar Kumasi, akwai garin Assin Manso. A nan ake yada zango da bayin da aka koro daga arewa, a yi musu wanka a kogi kafin a ƙarasa da su bakin teku. Shi ya sa ake ce masa kogin wankan ƙarshe. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar bayi, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Jikokin waɗanda aka tafi da su suna zuwa waɗannan wurare da yawa, musamman tun bayan ziyarar Shugaba Barack Obama a sansanin Cape Coast a 2009, da kuma 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta yi wa laƙabi da Shekarar Komowa.

9.4 Wuraren da Allah Ya Halitta

9.4.1 Dajin Kakum

Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai gandun dajin Kakum, kurmi mai duhu wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1992. Akwai giwayen kurmi a ciki, waɗanda ba su kai na sarari girma ba, da birai iri-iri, da tsuntsaye sama da nau'i 200, da malam-buɗe-littafi masu launi daban-daban. Abin da ya fi jan baƙi shi ne kadarkon igiya da aka buɗe a 1995. Gadoji bakwai ne aka ɗaura daga wata doguwar bishiya zuwa wata, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, wani wurin kuma tsakanin mai tafiya da ƙasa ya kai mita 40. Faɗin katakon da ake takawa bai fi na mutum guda ba, ga raga a dama da hagu, gadar kuma tana lilo da kowane taku. Yana da kyau baƙo ya san cewa da wuya ya ga giwa, domin dabbobin kurmi suna gudun hayaniya. Wanda ya yi sammako shi yake more kukan tsuntsaye da hazon safiya a kan itatuwa.

9.4.2 Ƙauyen Nzulezu

Can yamma, kusa da iyakar Kwaddibuwa, akwai ƙauyen Nzulezu wanda aka gina a kan ruwan tafkin Tadane. Gidaje da makaranta da wurin ibada duk a kan turaku suke, titin garin kuwa dandamalin katako ne. Daga Beyin ake shiga kwalekwale, a yi tafiyar kusan sa'a guda cikin fadama kafin a isa. Yaran garin suna iya tuƙi tun suna ƙanana, kamar yadda ɗan ƙauyen Hausa yake iya korar jaki.

9.4.3 Bakin Teku

Akwai wuraren hutawa masu farin rairayi da inuwar kwakwar attagara a wurare irin su Brenu da Anomabo da Busua. Sai dai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, kuma akwai wuraren da take jan mutum zuwa ciki ko da ya iya iyo a kogi. Ƙa'ida ita ce kada baƙo ya shiga ruwa sai ya tambayi masu wurin. Haka kuma tekun yana cin ƙasa: a Keta ya riga ya rushe wani ɓangare na sansanin da Turawan Danmak suka gina a 1784.

9.5 Rayuwar Jama'a da Bukukuwa

Babbar sana'ar Fanti na bakin ruwa ita ce su. A gindin sansanin Elmina, inda tafkin Benya ya haɗu da teku, ɗaruruwan kwalekwale masu fenti da tutoci suke tsayawa. Da safe mata sukan tari masunta, su sayi kifi, su kai shi wurin banda. A bisa al'ada masuntan ba sa fita teku ran Talata. Ranar gyaran koma ce da hutu.

Daga cikin bukukuwan da baƙi kan je kallo akwai Bakatue na Elmina, a Talatar farko ta watan Yuli, wanda da shi ake buɗe tafkin Benya bayan an hana su a cikinsa na wasu makonni. Wannan zai tuna wa ɗalibi yadda ake tsare ruwan Matan Fada kafin bikin su na Argungu. Akwai Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ta farko ta watan Satumba, da Aboakyer na garin Winneba a watan Mayu, inda ƙungiyoyi biyu suke tseren kamo mazo da rai. Waɗannan bukukuwa suna da alaƙa da addinin gargajiya na masu su. Abin da ya kamaci baƙo shi ne ya kiyaye ladabi, kada kuma ya ɗauki hoton mutum ko wurin tsafi sai da izini.

9.6 Sawun Bahaushe a Yankin

Bahaushen da ya je wannan gaɓa zai yi mamakin yadda zai riƙa jin harshensa. A garuruwa da yawa akwai unguwar da ake kira zango, a Akara kuma akwai Nima da Sabon Zango, inda Hausa ta zama harshen hulɗa tsakanin ƙabilu daban-daban. Ko a sunayen abinci ana ganin wannan. Shinkafa da wake ita ce ta zama waakye, tuwon zafi ya zama tuo zaafi, kunun safe kuma Hausa koko ake ce masa, ana shan sa da ƙosai.

Asalin wannan alaƙa shi ne fataucin goro. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 kasuwar Salaga ta zama mahaɗar ayarin Hausawa da Ashanti, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa. Cikinsu har da shahararren malami kuma marubucin waƙoƙi Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har ya rasu a 1934. Wata hanyar kuma ita ce aikin soja, domin Ingilishi sun kawo dakarun Hausawa daga Ikko a yaƙinsu da Ashanti na 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma suka zauna a garuruwan bakin teku.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin faɗi, amma wajibi ne malami ya san ta. Ayarin da ke zuwa Salaga ba kanwa da tufafi da fatu kaɗai yake kaiwa ba, har da bayi, kuma Salaga ta yi suna a matsayin kasuwar bayi kamar yadda ta yi suna da goro. A ɗaya gefen kuma, an sayar da Hausawa da yawa zuwa ƙetare. Yawancinsu ta tashoshin gabas aka fitar da su, irin su Ikko da Badagiri da Ouidah, aka kai su Bahia ta ƙasar Barazil, inda suka jagoranci boren bayi a 1807 da 1809 da 1814. Ke nan a cikin wannan tarihi akwai namu a cikin waɗanda aka ɗaure, akwai namu kuma a cikin waɗanda suka sayar. Bahaushen da ya tsaya a bakin Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, labarin gida ya tarar a can.

9.7 Amfanin Wannan ga Malami

Baƙi biyu suna iya zagaya wuri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya dawo da hotuna, ɗaya ya dawo da ilimi. Bambancinsu shi ne na biyun ya tambayi wa ya gina wurin, don me, kuma wa ya sha wahalarsa. Aikin malami shi ne ya koya wa yara irin wannan tambaya. Ga wasu matakai da za su taimaka:

(a) A fara daga abin da yaro ya sani. Wanda ya san badalar Kano ko Hasumiyar Gobarau zai fahimci sansani, wanda ya san goro zai fahimci hanyar Gwanja.

(b) A yi amfani da taswira da hotuna, a sa yara su bi hanyar ayari da yatsa daga Kano zuwa Salaga, daga can zuwa bakin teku.

(c) A wajen insha'in siffantawa, a hana yara fakewa da kalmomi irin su "mai kyau" da "mai ban mamaki". A nemi su faɗi abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da hanci ya shaƙa: farin bango, rurin igiyar ruwa, ƙaurin bandar kifi.

(d) A wajen batun bauta, kada a ɗora wa Turawa laifin duka a wanke na gida, kada kuma a rage nauyin abin da Turawan suka aikata. Malami ya tuna cewa a ajinsa ana iya samun yaron da ake yi wa gori da asalin kakanninsa. Saboda haka ya zaɓi kalmominsa, ya hana zolaya, ya nuna cewa abin kunyar yana kan cinikin mutum, wanda aka sayar ba shi da abin kunya.

(e) Idan an sami halin kai yara ziyara, ko da wurin tarihin da ke kusa da makaranta ne, a ba su tambayoyi tun kafin a tashi, a kuma karɓi rahoto bayan an dawo.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an ga ma'anar yawon buɗe ido da rabe-raben wuraren ziyara. An kawo sansanonin Elmina da Cape Coast da kogin Assin Manso, da dajin Kakum da ƙauyen Nzulezu da bakin teku, da kuma sana'a da bukukuwan mutanen yankin. An kuma nuna yadda goro da aikin soja da cinikin bayi suka haɗa wannan gaɓa da ƙasar Hausa. Waiwaye adon tafiya ne, kuma malamin da ya saba wa ɗalibansa da tambayar tarihin wuri kafin su yaba kyansa, ya ba su abin da za su yi amfani da shi a duk inda ƙafa ta kai su.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin yawon buɗe ido da fatauci da cirani.
2. Kawo ƙasashen Turai uku da suka riƙe sansanin Elmina tare da shekarun da ya sauya hannu.
3. Mece ce alaƙar sansanin Cape Coast da tarihin ilimin zamani a Ghana?
4. Siffanta kadarkon dajin Kakum a cikin jimla biyar.
5. Bayyana hanyoyi uku da suka haɗa Hausawa da wannan yanki.
6. Waɗanne abubuwa ya kamata malami ya kiyaye idan zai koyar da batun bauta?

Jinga

Zaɓi wurin tarihi guda a ƙaramar hukumarku. Ziyarce shi, ka tattauna da dattawan da suka san labarinsa, sannan ka rubuta insha'in siffantawa da bai gaza kalmomi 400 ba. Daga nan ka tsara darasin minti 40 a kansa domin 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.